Tabarau Kafin Wayar Salula

Sanin kowa ne cewa a shekarun baya babu ranar da ɗan fansho yake fargaba kamar ranar tantancewa. Dattijo mai shekara 70 zai baro garinsu tun da asuba, ya ci bashin kuɗin mota, ya zo babban birnin jiha ya bi layi cikin rana, ba don komai ba sai don ya nuna wa hukuma cewa bai mutu ba. An sha jin labarin waɗanda suka yanke jiki suka faɗi a kan layin. Saboda haka abin yabo ne matakin da hukumar PTAD, mai kula da 'yan fanshon Gwamnatin Tarayya na tsohon tsari, ta ɗauka na fito da wata hanya da ta kira "I Am Alive", wato "Ina Raye". Ta fara gwada ta a 2021, ta buɗe ta ga kowa a 2023. Da wayar salula mai ɗaukar hoto, ɗan fansho yana iya shigar da lambarsa, ya nuna fuskarsa, a tabbatar yana nan da ransa ba tare da ya taka ƙofar gida ba.

To, amma fa akwai abin da ba a cika faɗa ba. Rubutun da ke fuskar waya ƙanana ne, idon tsoho kuwa ya gaji. Wanda ba ya iya karanta saƙon banki dole ya miƙa wayar ga jikansa, ko ga yaron shago. An ga wannan ƙuru-ƙuru a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, sa'ad da dattawa da yawa suka riƙa ba masu na'urar POS katin cirar kuɗinsu har da lambar sirri. Mafi yawan yaran nan masu amana ne, ba a musu. Sai dai mutumin da ya yi shekara 35 yana riƙe da makullin baitulmali ko rajistar makaranta, yau ga shi bai san abin da ya rage a asusunsa ba sai an karanta masa. Na'urar da aka kawo don ta ba shi 'yanci ta tona masa asiri ke nan.

Maganin wannan ba wata babbar na'ura ba ce daga Japan. Tabarau ne. Daga wajen shekara 40 ƙwayar idon ɗan Adam takan fara tauri, ta kasa ganin abin da ke kusa, shi ya sa ake ganin malami yana nesanta takarda daga fuskarsa kafin ya karanta. Tabaran karatu mai araha yana gyara wannan nan take, babu fiɗa, babu kwanciya asibiti. Wani bincike da aka yi a ƙauyukan Bangladesh, aka buga a 2024, ya nuna cewa waɗanda aka ba irin wannan tabarau abin da suke samu ya ƙaru da kashi 33 cikin ɗari, domin tela ya koma zura allura, masaƙi ya koma kan masaƙarsa. A nan gida, binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kimanin mutum 4 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yanar ido ce kan gaba wajen jawo haka, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na makantar abin da za a iya hanawa ne ko a warkar. A watan Satumba na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya bayyana goyon bayansa ga shirin raba tabarau fiye da miliyan 5. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta riƙa bayyana wa jama'a, jiha-jiha, nawa ne suka isa hannun masu buƙata.

Zancen kunne ya fi wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin ɗari na waɗanda suka haura shekara 60 suna fama da raunin ji mai hana su walwala. Irin wannan dattijo ba ya kuka da ciwo. A hankali yake janye jiki daga majalisa, ya daina zuwa sulhu, huɗubar Jumma'a ta wuce shi, har iyalinsa su fara cewa ya rikice, alhali kuwa hankalinsa ƙalau yake. Na'urar ƙara ji tana da tsada, tana son batir, ƙurar hunturu kuma tana toshe ta. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa tana Kaduna, kamar yadda Cibiyar Ido ta Ƙasa take, amma tsohon da ke Gashuwa ko Argungu ba zai yi ta zirga-zirga zuwa Kaduna don a daidaita masa ɗan abin da bai kai girman dabino ba. Amurka ma, da duk yawan likitocinta, ta halatta sayar da wasu na'urorin ba tare da takardar likita ba tun Oktoba 2022, don farashi ya sauka. Abin da ake buƙata a nan shi ne a horar da ma'aikatan manyan asibitocin jihohi su iya gwajin ji da gyaran na'urar.

Sai kuma faɗuwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum 684,000 kowace shekara, kuma waɗanda suka wuce shekara 60 ne suka fi mutuwa ta wannan hanya. A gidajen Hausa wurin haɗarin sananne ne: bakin masai, makewayi mai santsi, da dokin ƙofa cikin duhu. Kujerar bayan gida, ƙarfen dafawa a jikin bango, sanda mai ƙafa huɗu da fitila mai aiki da hasken rana, duk babu wanda ya gagari mai walda na bakin titi idan an ba shi awo daidai. Ga aiki nan ga ɗaliban kwalejojin fasaha, maimakon ayyukan kammala karatu da ke ƙarewa cikin kabad ɗin sashe.

Wasu za su ce al'adar ƙasar nan ba ta san tsoho yana zaman kansa ba, 'ya'ya ne sandarsa. Haka ne, kuma Allah ya bar zumunci. Amma 'ya'yan da yawa suna Abuja da Ikko wajen neman abinci, kuma ko suna gida, babu uban da yake so ɗansa ya riƙe shi zuwa makewayi muddin akwai yadda zai kai kansa. Saya wa uwa na'urar ji ba yar da ita ba ne.

An kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa bisa dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2018, ta kuma fara aiki a 2021. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa. Wannan jarida tana ganin lokaci ya yi da hukumomin inshorar lafiya na jihohi za su sa tabaran karatu, na'urar ji da sandar dogarawa cikin abubuwan da suke biya wa 'yan fansho. Ofishin Shugaban Ma'aikata na kowace jiha kuma yana iya farawa da abu ɗaya mai sauƙi: duk ma'aikacin da ya zo cika takardun barin aiki, a gwada masa ido da kunne a ranar, ya tafi gida da tabaransa tare da takardar sallama.