Wa Ke Karanta Ƙasarmu Daga Sama?

A shekarar 1972 Amurka ta harba tauraron ɗan'adam wanda daga baya aka raɗa wa suna Landsat, aikinsa ɗaukar hoton doron ƙasa. Dā can sai masanin duwatsu ya saɓi guduma, ya yi wata da watanni yana ratsa daji kafin ya zana taswirar gunduma guda. Yanzu kuwa hoto ɗaya yakan ɗauke faɗin kilomita 185. Na'urar tana ganin irin hasken da idon mutum ba ya gani, saboda haka takan rarrabe inda tsatsar ƙarfe ta yi yawa da inda yumɓu yake, ta kuma fito da dogayen tsagogin da suka ratsa duwatsu. Tsagogin nan su ne abin lura, domin zinariyar Anka da Maru da Birnin Gwari tana cikin jijiyoyin farin dutse ne da ke bin irinsu.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ga inda gizo ke saƙa. Tun 2008 hotunan Landsat kyauta ne ga duk mai so. Nijeriya ma ta sami nata tauraron, NigeriaSat-1, a 2003, ga kuma cibiyar nazarin irin waɗannan hotuna a Jos. Ashe rashin kuɗi ba hujja ba ce. Amma wani kamfani yana iya zama a Turai ko Sin ya yi wa tuddan Zamfara karatun ta-natsu, sa'an nan ya zo neman lasisi alhali ya fi ma'aikacin da zai sa hannu sanin abin da ke wurin. Yaya za a yi ciniki tsakanin mai gani da wanda aka rufe wa ido? Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana: Faransawa suka gano uraniyum a 1957, su ne kuma suka daɗe da riƙe ragamar haƙarsa a Arlit.

Kada dai a ɗauka tauraron boka ne. Saman ƙasa kurum yake gani, ba ya leƙa ciki. Ba zai nuna dalmar da ke gauraye da zinariya ba, wadda ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. Wannan sai an ɗebo dutsen an gwada.

A ganina, wajibi ne jami'o'inmu su koya wa kowane ɗalibin ilmin duwatsu fassara hotunan nan kafin a fita da shi daji, Ma'aikatar Ma'adinai kuma ta daina sa hannu a kan lasisin filin da ma'aikatanta ba su duba hotonsa ba, ba su kuma taka shi da ƙafa ba.