Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Mu da muke karatun ilmin kwamfuta akwai abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, amma ba mu cika ɗaga murya a kansa ba, don ana ganinsa kamar ƙaramin abu. A zangon karatun da ya wuce an ba mu aikin haɗin gwiwa, mutum huɗu-huɗu, aka ce kowane rukuni ya rubuta manhaja, ya kuma ajiye tarihin aikinsa cikin Git. A rukuninmu mutum ɗaya ne kaɗai yake da kwamfutar hannu mai lafiya, don haka a kanta muka taru muka yi ta fama dare da rana har mako 6. Ran da aka buɗe tarihin don a ga abin da kowa ya yi, sai ga suna ɗaya tak tun daga sama har ƙasa. Mai kwamfutar bai zalunce mu da gangan ba, shi ma abin ya ba shi kunya. Laifin namu ne duka, domin ba mu san amfanin 'yan layukan da ake rubutawa a ƙasan bayanin gyara ba.

Bari mu yi wa 'yan'uwanmu na sauran tsangayoyi bayani. Git wata manhaja ce da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a shekarar 2005 don adana tarihin duk wani gyara da aka yi wa rubutun manhaja. Kowane gyara da aka shigar yana samun lambarsa, da ranarsa, da sunan marubuci, da sunan wanda ya shigar da shi, sannan da ɗan bayanin abin da aka yi da dalilin yin sa. Gurbin marubuci guda ɗaya ne kawai. To, in mutum uku suka haɗa kai kan gyara ɗaya fa? In wani ne ya gano kuskuren, wani ya duba gyaran, wani kuma ya gwada shi? Nan ne layukan ƙasa suke shigowa. A ƙarshen bayanin ana barin layi ɗaya babu komai, sannan a jera layuka masu tsari ɗaya: kalma, ɗigo biyu, sai sunan mutum da adireshinsa na imel. Co-authored-by na abokin rubutu ne, Reviewed-by na wanda ya duba, Tested-by na wanda ya gwada, Reported-by na wanda ya kawo labarin matsalar.

Babbansu shi ne Signed-off-by, kuma rigima ce ta haife shi. A shekarar 2003 kamfanin SCO na Amurka ya kai IBM ƙara, yana iƙirarin cewa an zuba wani rubutu mallakarsa cikin Linux. Masu aikin Linux suka ga cewa lallai ne su iya nuna hanyar da kowane gyara ya biyo kafin ya shiga. Saboda haka a 2004 suka fito da wata gajeriyar takardar shaida ta asalin rubutu, suka ce duk wanda ya sa sunansa a wannan layi ya yarda da ita: ko dai shi ya rubuta abin, ko kuwa yana da izinin miƙa shi, daga baya kuma aka ƙara da cewa ya san sunansa zai zauna a fili har abada. Gyara ɗaya yakan bi ta hannun mutum biyu ko uku, kowa ya ƙara nasa layin a ƙarƙashin na wanda ya gabace shi. Ma'aikatan gwamnati da ke karanta wannan mujalla za su gane abin nan da nan, don daidai yake da yadda fayil ke tafiya daga tebur zuwa tebur, kowane jami'i ya rubuta nasa bayanin, ya sa hannu, ya sa kwanan wata.

Wasu abokanmu suna cewa wai wannan tsirfar Turawa ce, bata lokaci kawai. Ba mu yarda ba. Malamanmu na zaure in sun gama kwafe littafi sukan rubuta sunan mai kwafe a ƙarshe, wani lokaci har da sunan wanda aka kwafa dominsa. Marubuta waƙoƙinmu kuwa sukan faɗi sunansu a baitocin ƙarshe, su sa shekara cikin ramzi. Ashe ajiye shaida a gindin rubutu ba baƙon abu ba ne gare mu. Abin da ya bambanta shi ne yanzu na'ura ce ke karanta layukan, ita kuwa ba ta san uzuri ba. Git yana neman su ne a sakin layi na ƙarshe kaɗai. In mutum ya jera su sannan ya buɗe sabon sakin layi ya ƙara wata magana, sun tashi daga shaida sun koma zance. Haka kuma in aka dunƙule gyare-gyare da yawa suka zama ɗaya, aka bar layukan a tsakiyar bayani, sunaye suna nan ido na gani, amma lissafi ba zai ɗauke su ba. Tun 2014 Git yake da umarnin interpret-trailers mai tsara su, a 2021 kuma aka sauƙaƙa yadda za a ƙara su lokacin shigar da gyara. GitHub ya fara nuna abokan rubutu a 2018, muddin adireshin imel ɗin ya dace da na asusun mutum. Da mun san wannan, layi uku kacal sun ishe mu.

Amma kuskuren tsari ba shi ne ya fi damunmu ba. Git ba ya tambayar ko abin da aka rubuta gaskiya ne. Kowa na iya buga sunan kowa. Mu kuwa mun san halin da muke ciki: ana sa sunan babba a kan aikin da bai taɓa gani ba don a faranta masa, ana kuma sa sunan aboki don kada ya faɗi jarrabawa. In wannan ɗabi'a ta shiga layukan ƙasa, to, sun zama shaidar zur mai tambari. Wanda aka rubuta cewa ya duba gyara, gobe in gyaran ya ɓata lissafin albashin ma'aikata ko ya buɗe wa ɓarayi ƙofa, shi za a nema. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa ƙa'idar Linux ta hana a sa wa mutum Reviewed-by sai da yardarsa ƙarara.

Amfanin tarihi mai tsabta ya bayyana a watan Afrilu na 2021, sa'ad da rigima ta tashi kan wasu masu bincike na Jami'ar Minnesota waɗanda suka aika wa Linux gyare-gyare masu ɓoyayyen lahani da gangan, wai don su gwada ko za a gane. Greg Kroah-Hartman ya dakatar da karɓar aiki daga jami'ar, aka bi adireshin imel aka zaƙulo gyare-gyaren da suka fito daga can a baya, aka sake duba su. Akwai kuma layin Fixes, wanda ke ɗauke da aƙalla haruffa 12 na farkon lambar gyaran da ya jawo matsala, don masu kula da tsofaffin fitowar Linux su san inda magani ya kamata ya kai.

Roƙonmu ga sashenmu shi ne a koyar da wannan tun shekarar farko, a kuma riƙa duba layukan ƙasa kafin a raba maki, tun da ba kowane ɗalibi ne ke da kwamfuta tasa ba. 'Yan'uwanmu da suka shiga aikin gwamnati kuwa, in ɗan kwangila ya kawo wa ma'aikatarku manhaja, ku nemi tarihinta tare da ita, ku ga wa ya rubuta, wa ya duba. Mu dai a rukuninmu mun yi shawara cewa a aiki mai zuwa mai riƙe da kwamfuta ba zai shigar da gyara ba sai ya karanta layukan ƙasa da ƙarfi kowa ya ji, wanda kuma bai zo zaman ranar ba ba za a sa sunansa ba, ko da shi ne mai kwamfutar.