Likitan Soja Da Bai Jira Umarni Ba

Tun muna yara aka koya mana cewa na ƙasa ba ya ja da na sama, haka kuma muke koya wa 'ya'yanmu. Amma akwai ranar da jiran umarni yakan zama ajalin wani. Labarin Dokta James McGrigor, mutumin Sikotlan, ya sa mun sāke duban wannan magana.

An haife shi a 1771, ya yi karatu a Aberdeen da Edinburgh, ya shiga soja a 1793 a matsayin likitan fiɗa. Ya yi aiki a Indiya da Masar. A 1809 aka tura shi tsibirin Walcheren a ƙasar Holan, inda zazzaɓi ya kashe sojojin Birtaniya wajen 4,000, alhali waɗanda abokan gāba suka kashe kaɗan suka ɗara 100. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai ƙara ɗaukar majinyaci da wasa ba.

A 1812 ya zama shugaban likitocin rundunar Wellington, wadda take yaƙi da Faransawa a Fotugal da Sifen. Bayan yaƙin Salamanca, runduna ta wuce Madrid, shi kuwa yana biye a baya. A hanya ya yi ta tarar da masu rauni da marasa lafiya a yashe, ba abinci, ba mai duba su. Nan take ya aika a kawo likitoci da masu rabon guzuri, bai nemi izinin kowa ba. Da ya isa Madrid ya faɗa wa Wellington abin da ya yi. Wellington ya husata ƙwarai, ya tambaye shi wa ke mulkin rundunar, shi ko likita, ya kuma ja masa kunne kada ya ƙara. McGrigor ya amsa cewa kafin umarni ya zo da an yi asarar rayuka.

Ba mu ce Wellington ba shi da hujja ba. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, kuma in kowane hafsa zai karkatar da guzuri yadda ya ga dama, rundunar duka za ta kwana da yunwa. Duk da haka muna bayan likitan. Bai yi don aljihunsa ba, bai yi don suna ba. Abin da ya fi mana nauyi ma shi ne, bai ɓoye ba: da bakinsa ya kai rahoto, ya tsaya aka yi masa faɗa. Mai taurin kai ba haka yake yi ba. Mun san ma'aikata da yawa da za su bar mutum ya mutu a bakin ƙofa, muddin takardarsu ta fita tsaf.

Ko Wellington bai riƙe shi a zuci ba, domin a ranar ya gayyace shi cin abinci, suka ci gaba da aiki tare har yaƙin ya ƙare a 1814. Daga 1815 zuwa 1851 McGrigor ne shugaban likitocin sojan Birtaniya, ya wajabta musu rubuta rahoton cututtukan sojoji a kai a kai. Ya kafa asusun taimakon gwaurayen likitocin soja a 1816, da na marayunsu a 1820. Ya rasu a Landan a 1858.