FILIN KIMIYYA: RUWA BA YA TSAMI BANZA

Ranar 4 ga watan Agusta, 2011, aka miƙa wa Shugaba Goodluck Jonathan a Abuja rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya game da ƙasar Ogoni. A ciki an bayyana cewa a Nisisioken Ogale, cikin Jihar Ribas, mutane suna shan ruwan rijiya wanda benzin da ke cikinsa ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Shi kuwa benzin ɗin nan, wanda ke cikin man fetur, sanannen abu ne cewa yakan jawo sankarar jini.

Kada mutumin Abuja ya ce wannan damuwar masu rijiyar mai ce kaɗai. Kowane gidan mai yana da tanki binne a ƙasa, tanki kuwa yakan tsufa ya yi yoyo. A garejin kanikawa, irin na Apo, fetur ɗin wanke injin da baƙin mai ƙasa ce ke shanye su. Alhali kuwa jama'a da yawa a Kubwa da Lugbe da Nyanya da rijiyar burtsatse suka dogara.

To, me ke faruwa ga mai idan ya nutse? Benzin da ɗan'uwansa toluwin, ƙirarsu kamar zobe take, watau ƙwayoyin kabon guda 6 da suka kama juna gam. A doron ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya, masu fasa zoben da taimakon iskar oksijin. Amma can ƙarƙashin ƙasa, da mai ya malala sai iskar ta ƙare da wuri. Saboda haka aka daɗe ana zaton man zai zauna nan har abada.

Ashe ba haka ba ne. A 1969 wani masani a Birtaniya, W. C. Evans, da abokin aikinsa suka nuna yadda wata bakteriya ke warware irin wannan zobe ba tare da oksijin ba. A 1987 kuma Derek Lovley ya samo wata mai suna Geobacter cikin taɓon kogin Potomac na Amurka, wadda ke numfashi da tsatsar ƙarfe, daga baya aka ga tana cin toluwin. Wasu da naitiret suke numfashi, irin wanda ke cikin takin zamani, wasu da salfet.

Asirin wannan aiki yana cikin ƙwayoyin gadonsu, domin kowace ƙwayar gado kamar umurni ce a rubuce na yadda za a ƙera kayan aiki guda. A 1996 masana a Jamus, cikinsu har da Georg Fuchs, suka gano cewa Thauera aromatica ba ta far wa zoben kai tsaye. Da farko takan liƙa wa toluwin wani sinadari mai suna fumaret, tamkar a yi wa gatari ƙota, sa'an nan ta yi ta sassaƙa shi har ya koma wani sinadari, benzoyil-CoA, wanda shi ne mahaɗar da yawancin dangin zoben ke biyowa. Daga nan wani kayan aikin ya sassauta zoben, a fasa shi, a cinye. Ƙwayar gadon da ke kan gaba wajen liƙa fumaret ɗin an sa mata suna bssA.

Amfanin wannan sani a fili yake. Idan aka ɗebo ruwan rijiya aka tarar da bssA da yawa, tare da ɓurɓushin da aikinta ke bari, an sami shaida cewa mai ya iso wurin, kuma ana cinsa. Daga nan injiniya zai san ko a dafa wa halittun da naitiret ko salfet, ko kuwa sai an yashe ƙasar.

Sai dai fa aikin nan yana da nawa ƙwarai, benzin kuma, wanda ya fi haɗari, shi ya fi taurin kai. Rahoton Ogoni ma cewa ya yi gyaran ƙasar zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Yaron da ke shan ruwan yau ba zai jira wannan ba.

Abuja ba ta rasa masu aikin ba. A nan hukumar NOSDRA take, wadda aka kafa a 2006 don sa ido kan malalar mai, ga hukumar fasahar halittu a Lugbe, ga cibiyar kimiyya ta Sheda, ga Jami'ar Abuja. Ya kamata su haɗa kai su riƙa auna rijiyoyin da ke kusa da gidajen mai da garejoji a kai a kai, su bayyana wa jama'a sakamakon. Masu gidajen mai su gwada tankunansu, kanikawa kuma su tara baƙin mai a duro maimakon zubarwa. Rigakafi dai ya fi magani.