Ruɓewa Daban, Rududdugewa Daban

 A watan Mayu na 2024 na halarci wani taro a cikin garin Dutse, inda wani bawan Allah, wakilin wani kamfani, ya miƙe da kwat da laktaye, ya ɗaga wata koriyar leda mai hoton ganye a jikinta, ya ce wai ƙarshen wahalarmu da leda ya zo. Ya ce wannan ko ka yar a titi, ko ka yar a gona, ƙasa za ta cinye ta kamar yadda take cinye ganye. Nan take zaure ya kaure da tafi. Ɗalibai 'yan'uwana suka tafa, har da waɗansu malamai da nake jin nauyinsu. Ni dai hannuna yana aljihu, kuma har yau ban yi nadama ba.

Tun da yake mu 'yan ƙungiyar Hausa ne, bari in fara da kalma kafin in shiga kimiyya. Ita kanta kalmar "leda" aro ce daga kalmar Turanci mai nufin fata jemammiya, watau tun ranar da ta iso ƙasar nan da sunan wani ta shigo. To yanzu ga shi an sake raɗa mata suna, wai "leda mai ruɓewa". Bahaushe kuwa ya san abin da ake kira ruɓewa. Kashin shanu yana ruɓewa, karan dawa yana ruɓewa, mushen jaki yana ruɓewa. Ma'ana wani abu mai rai ya ci su, ya mai da su ƙasa da ruwa da iska, har ka tona wurin ba ka iya cewa ga abin da aka binne. Amma in ka sami kwalba ka daka ta a turmi har ta zama gari, ba wanda zai ce ta ruɓe. Ta dai rududduge, kuma ko wane ƙwaya na garin nan kwalba ne, mai iya yanka ƙafa. Duk rigimar da nake yi a wannan takarda a kan tazarar da ke tsakanin kalmomin nan biyu take.

Masu cin abu har ya ruɓe su ne ƙananan halittun da ido ba ya gani, bakteriya da fumfuna. Ba su da haƙora. Wani ruwa suke fitarwa, kamar yawu, wanda ke yanyanka abin da suka tarar ƙanana-ƙanana har ya isa su haɗiye, kana su fitar da iskar kabon da ruwa. Suna bukatar damshi, suna bukatar ɗumi, galibinsu kuma suna bukatar iska. Ledar da muka sani, wadda ake yi da ɗanyen mai, sarƙa ce doguwa ta kabon, zobe dubbai a jere, sumul, ba ta da inda yawun nan zai kama. Shi ya sa take shekara da shekaru a rataye jikin ƙaya tana kaɗawa kamar tuta.

Daɗa abin da wakilin kamfanin nan bai gaya mana ba shi ne, abubuwa iri-iri ne aka tara a ƙarƙashin suna ɗaya. Na farko, wanda ya fi arha, ana ce masa okso. Ledar jiya ce sak, sai dai an barbaɗa mata gishirin waɗansu ƙarafa, irin su manganis da kobal, domin in rana ta doke ta ta yi saurin tsagewa. Tana tsagewa kuwa, ba musu. Ta zama tsumma, ta zama ɓarɓashi, ta ɓace wa ido, ta shiga ƙasa da rijiya da cikin kaji. Ƙungiyar Tarayyar Turai ta yi dokar hana sayar da wannan iri a 2019, dokar ta fara aiki a watan Yuli na 2021, kuma dalilin da suka bayar shi ne ba ta ruɓewa yadda ya kamata, tana ƙara yawan ƙurar roba ne kawai. To, jama'a, kayan da aka rufe wa ƙofa a Turai, ina kuke tsammani masu injin yin sa za su nufa da shi? Mu da muke karɓar tsofaffin firji da matattun motocinsu da hannu biyu mun san amsa.

Na biyu shi ne wanda ake kira PLA, wanda ake yi daga sitacin masara ko rogo ko sukarin rake. Shi wannan tsakani da Allah yana iya ruɓewa, amma da sharaɗi. Sai ruwa ya fara tsinka sarƙarsa tukuna, sannan bakteriya su sami abin kamawa, kuma ruwan ba ya yin wannan aiki da sauri sai zafi ya kai wajen digiri 58 zuwa 60. Ma'aunin da Turawa suka kafa don ba da shaidar cewa abu yana zama taki, mai lamba EN 13432, a kan zafin digiri 58 ake gwada shi, ana juyawa, ana ba shi iska da damshi, sannan a ce lalle kashi 90 cikin ɗari ya zama iskar kabon cikin wata shida. Watau takardar shaidar nan da ake ɗaga mana, shaida ce a kan abin da ke faruwa a cikin masana'antar yin taki, mai injuna da ma'aikata da ma'aunin zafi. Wanda ya san hanyar da ledar da yaro ya yar a tashar mota ta Dutse za ta bi ta isa irin wannan masana'anta, ya taimaka ya zana mini taswira.

Na san abin da wani zai ce, don an riga an faɗa mini a ɗakin cin abinci. Wai ai mu zafi ne arzikinmu, a watan Afrilu yashin Dutse yana toya ƙafa, me zai hana leda ruɓewa? Wannan magana ce ta wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Gaskiya ne da bazara ana kai digiri 40 a inuwa, fuskar yashi kuwa ta fi haka nesa. Amma a lokacin ƙasa ta bushe ƙamas, ba ɗigon ruwa, bakteriya sun yi likimo, ko karan gero da aka bari a gona haka yake kwana ya tashi in ba gara ta same shi ba. In damina ta faɗi kuma, daga Yuni zuwa Satumba, damshi ya samu, sai zafi ya sauka ƙasa da abin da ake bukata nesa ba kusa ba. Zafinmu da ruwanmu ba sa haɗuwa a zaure ɗaya. Wannan na shigowa, wancan na fita. Bugu da ƙari, sunan jihar nan tamu ma ya isa hujja. Jigawa, jigayi ke nan, tudun yashi, ƙasa mai ƙarancin taki wadda ba ta riƙe ruwa. Abin da aka gwada a baƙar ƙasa mai laima ta Jamus ko Italiya, ba dole ba ne ya ci a gonakin Jahun.

Kai, ko a can ɗin ma bai ci ba sosai. A Jami'ar Plymouth ta Ingila, Imogen Napper da Richard Thompson sun ɗebi ledoji masu irin waɗannan sunaye, suka binne waɗansu a ƙasa, suka nutsa waɗansu a teku, suka shanya waɗansu a sarari, suka jira shekara uku. Sun buga sakamakon a 2019. Waɗanda aka shanya sun rududduge cikin wata tara. Amma waɗanda aka rubuta wa "mai ruɓewa" da masu okso, bayan shekara uku a ƙasa ko a teku, an ciro su an zuba kayan cefane a ciki an ɗaga, ba su tsinke ba. Wadda aka ce ta taki ce ta ɓace a teku cikin wata uku, a ƙasa kuwa bayan wata 27 tana nan, ko da yake ta yi laushi. Wannan fa Ingila ce, inda ruwan sama bai san rani ba.

Ni ma na yi nawa ɗan gwajin na ƙauye. Na karɓi koriyar ledar nan guda a taron, na kai ta gida wajen Kiyawa, na binne a jujin bayan gidanmu tare da ganyen kalgo da takardar buhun siminti da yankin tsohuwar tabarmar kaba. Bayan an yi girbi na tona. Ganye babu, takarda babu, tabarma gara ta gama da ita sai ɗan zare-zare. Leda kuwa ta koɗe, ta yage a wuri biyu, amma hoton ganyen nan yana nan jikinta yana kallona. Ban ce wannan bincike ne da za a ba ni digiri a kansa ba, leda ɗaya ce a juji ɗaya. Sai dai gani ya kori ji.

Dalilin da ya sa na zaɓi juji shi ne, a ƙasarmu juji ba ƙarshen tafiyar shara ba ne. Tun kaka da kakanni manoman ƙasar Kano, har da mu nan gabas, sukan kwashi takin gari da jakuna, yau kuma da amalanke, su kai gona kafin shuka. Duk abin da ya shiga juji gona zai kwana. Ku fita bayan gari da rani ku dubi tarin takin da aka sassauke a gonaki, rabinsa baƙar leda ce. Kawuna yakan sa yara su bi su tsince, su tara su ƙone, don in ta shiga kunya tana tare saiwa da ruwa. Babbar leda aƙalla ana ganinta a tsince. In aka kawo mana wadda ke zama ɓarɓashi, yara su tsinci me? An gudu ba a tsira ba ke nan.

Sai kuma dabbobi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauta ya ga abin da ake cirowa daga tumbin akuyar gari ko saniya, dunƙulen leda a nannaɗe, baƙi ƙirin, wani har ya fi kan mutum girma. Dabba ta yi ta ramewa alhali cikinta a kumbure, mai ita yana ta sayen magani a banza. Tunkiyar da wata gwaggona take kiwo don ta aurar da 'yarta haka ta tafi. Zafin cikin tumbi wajen digiri 39 ne, kuma ba iska a ciki. Ledar da ke neman digiri 58 da wata shida, akuya ba ta da wata shidan da za ta ba ta.

Kada a ce na yi son zuciya, akwai iri na uku. Ana ce masa PHA, bakteriya ne da kansu suke ƙera shi a cikin jikinsu su ajiye kamar yadda mu muke ajiye kitse, kuma wani Bafaranshe mai suna Maurice Lemoigne ne ya fara gano irinsa tun 1926. Tun da abincinsu ne, sukan ci shi a ƙasa da cikin ruwa ba sai an kai masana'anta ba, ko da yake shi ma da rani jira zai yi. Na yarda wannan abu ne mai amfani. Amma ya fi ledar ɗanyen mai tsada nesa, kuma ban ga mai ƙosai da zai ƙunsa ƙosan naira ɗari a cikinsa ba. Ga kuma tambayar da ba a so a yi a kan wanda ake yi da masara da rogo: a ƙasar da kwanon masara ke gagarar magidanci, wa ya ce mu noma ta don a yi abin ɗauko tumatir na minti goma?

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne aikin da sunan yake yi a zuciyar mutum. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi gargaɗi a wani rahoto na 2015 cewa rubuta "mai ruɓewa" a jikin kaya yana iya sa mutane su ƙara sakin jiki wajen zubarwa. Mu da ma can ba mu jin kunyar wurga ledar fiya wata ta tagar mota, yanzu an ba mu fatawa. Su ma yaran nan 'yan jari-bola masu tsintar roba a kai Kano a narkar a yi buta da silifa, za a ɓata musu sana'a, domin in irin PLA ya gauraya da sauran roba yana lalata narkin.

Abin takaici, abin da ake neman sayar mana da kuɗin waje muna da na gaskiyarsa a gida. Kaba tana nan, ganyen dabino yana nan a garin da har tashar binciken dabino ta gwamnatin tarayya take, masu saƙa kwando da faifai da adudu ba su ƙare ba a kasuwar Shuwarin. Kwarya in ta fashe a ɗinke, in ta gaji a yar, gara ta yi walima. Ba ina cewa mu koma zamanin salka ba ne, na san ruwan leda ya samu kasuwa ne don famfo ya gaza, kuma ba a zuba allurar asibiti a ƙwarya. Amma kunu da koko da zafinsu a leda, da albasa uku a leda, ledar kuma a cikin wata ledar, wannan lalaci ne da son a ce mun waye. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Legas ma ta hana farar robar zuba abinci a 2024, ba a ji cewa sun daina zuwa kasuwa ba.

Saboda haka ina kira ga malamanmu na sashen kimiyyar haɗa sinadarai da na aikin gona. Ku karɓi ko wace leda da aka shigo da ita da wannan suna, ku binne a jigawa, ku binne a fadama, ku binne a juji, ku bar ta rani biyu da damina biyu, ku auna abin da ya saura, ku buga sakamakon da Hausa yadda manomi zai ji a rediyo. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa kuma ta tilasta wa ko wane kamfani ya rubuta a jikin ledarsa wane iri ce, a wane zafi take ruɓewa, cikin wata nawa. Mu kuma 'yan ƙungiya, da masu fassara labarai a cikinmu, kada mu ƙara ara wa kowa kalmar "ruɓewa" sai ya kawo shaida daga ƙasarmu. Kafin nan sunanta leda mai rududdugewa.

Tawa koriyar na mai da ita ramin na rufe, na kafa dutse a kai. Duk wanda ya tafa a zauren nan, ina gayyatarsa Kiyawa bayan girbi mai zuwa, fartanya da ruwan sha a wuyana.