Zuwa Ga Masu Ɗaukar Hoton Karen Teku a Gaɓar Birtaniya



 Nuwamba ta ƙarato, kuma na san da yawa daga cikinku mazauna Ingila, ɗalibai da ma'aikata da masu ɗaukar biki da suna waɗanda sha'awar hoton namun daji ta fara kamawa, kun soma goge kyamara kuna tambayar hanyar Donna Nook da Horsey. Lokacin haihuwar karen teku mai ruwan toka a waɗannan wuraren ke nan. Ga mai karatu daga gida, dabba ce mai shayarwa da ke rayuwa a ruwan sanyi tana cin kifi, amma idan naƙuda ta zo dole ta hau tudu. Ba ayu ba ce, shi ayu ciyawa yake ci kuma ba ya barin ruwa. Kusan sulusin irinta na duk duniya a gaɓar Birtaniya suke, mafi yawa a Sikotilan.

Maganata a kan hoto guda ce, wanda kowa ke so ya koma gida da shi: jinjiri fari fat kwance a rairayi, ya ɗago kai ya zuba wa kyamara dara-daran idanu, har da hawaye. Shi ne ke tara masu yabo a Instagram. Hawayen dai ba kuka ba ne, dabbar ce ba ta da 'yar hanyar nan da ke janye ruwan ido zuwa hanci irin tamu, sai ya gangaro a fuska. Amma ɗago kan da kallon, wannan fargaba ce. Barci yake yi ko nono yake sha, wani ya matso ya katse shi. Duk hoton da karen teku ke kallonku ido cikin ido, shaida ce kuka ɗauka da hannunku cewa kun matsa fiye da kima.

Wani zai ce, to mene ne don ya ɗaga kai na minti ɗaya? Mu yi lissafi. Uwar dai, ɗa ɗaya take haifa a shekara. Yakan zo da nauyin kilo 14 ko kusa da haka, kuma duk shayarwar da zai samu a duniya kimanin kwana 18 ce, da wuya ta haura mako uku. Rabin nonon ko fiye kitse ne, shi ya sa yake ƙara kusan kilo 2 a kullum har ya kai wajen 45. A tsawon kwanakin nan ita ba ta sa komai a bakinta. Jikinta take narkarwa tana ɗura masa, har ta zubar da sulusin nauyinta ko fiye. Tana gamawa sai a yi barbara, ta faɗa teku ba waiwaye. Shi kuwa ya zauna a tudu shi kaɗai mako biyu zuwa uku ba ci ba sha, yana zubar da farin gashin nan da ba ya tare ruwa, sannan ya shiga teku ya koya wa kansa kamun kifi, ba mai nuna masa. Kitsen da ya tara shi ne guzurinsa har hannunsa ya faɗa. Ko ba wanda ya dame su, da yawansu ba sa cika shekara. Shan nonon da kuka katse kuwa ba a rama shi, don uwar ba ta da kwanan da za ta ƙara masa.

Idan Allah ya sa kuka dace da haihuwa, ku bar maɓallin kyamara tukuna ku kalli uwar. Da ɗan ya faɗo sai ta murgino ta kai hancinta kan nasa, ta shinshina, ta ja baya, ta sake shinshinawa, shi kuma yana wani siririn kuka da za ku rantse na jaririn mutum ne. Da wannan wari da wannan murya za ta riƙa tsinto shi cikin ɗaruruwa. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san abin da kan biyo baya idan aka raba tunkiya da ɗanta a sa'ar farko: in an maido mata shi sai ta tunkuɗe. Nan ma haka ne, ga kuma manyan tsuntsayen teku a gefe suna jiran mabiyiya, kuma ba sa ƙin jinjirin da uwarsa ta yi nisa.

Ba ina nufin dabbar na gab da ƙarewa ba ne. A Blakeney Point da ke Norfolk, 'ya'ya 25 aka haifa a 2001, amma a 2019 sun haura 3,000. Abin lura shi ne yadda aka yi suka yawaita haka. Shekaru aru-aru mutanen tsibiran Sikotilan suna jiran lokacin haihuwa, su sauka a duwatsu irin su Haskeir da kulake, su bi iyaye da 'ya'ya suna kwaɗewa don man fitila da fata. Dabbar da ba ta iya gudu a tudu, kuma ba ta son barin ɗanta, ai abin nema ya samu. A farkon ƙarni na 20 har ana cewa waɗanda suka rage ba su wuce 500 ba. Marubuci Hesketh Prichard ya yi ta fafutuka har majalisa ta yi doka a 1914 ta hana kisa daga 1 ga Oktoba zuwa 15 ga Disamba, aka faɗaɗa wa'adin a 1932. A tekun Baltik, inda gwamnatoci suka riƙa biyan lada kan kowane kai, sannan gubar masana'antu ta lalata mahaifar matan, dubbai masu yawa sun koma 'yan dubu kaɗan a shekarun 1970.

Masunta ma suna da tasu hujjar, kada mu zalunce su: karen teku na yaga raga yana cinye kifin da ke ciki. Saboda haka aka yi ta rage su da bindiga a tsibiran Farne a shekarun 1960 da 1970, kuma a 1978 gwamnati ta ɗauko jirgin maharba daga Norwe zuwa Orkney, sai da ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace da hayaniyar jama'a suka sa aka janye shirin. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin tsibiran Monach. Mutanen wurin sun kwashe kayansu sun bar shi a shekarun 1940, yau yana cikin manyan wuraren haihuwar wannan dabba a duniya. Ba wanda ya kai musu abinci ko magani. Tashi kawai mutane suka yi. To yanzu an ajiye kulki, amma ƙafar mutum ta dawo bakin ruwa, kuma mu ne a sahun gaba, kyamara rataye a wuya.

Ku duba Donna Nook a Lincolnshire. Filin atisayen jefa bam ne na sojan sama, jirage na shawagi a kansu, amma iyaye na kwance suna shayarwa ko a jikinsu, 'ya'ya wajen 2,000 a shekara. Akwai shingen katako da masu kula da wurin suka kafa, kuma wasu iyayen da kansu suke zuwa su haihu dab da shi, har kuna jin numfashinsu. Kada wannan ya ruɗe ku. Ita ta zaɓi kusantar, don ta san mutum ba ya ƙetare katakon. Da can masu irin sana'armu kan jira ruwa ya janye su taka zuwa tudun rairayin da ke can ciki, su kwanta rub-da-ciki a tsakiyar garke don hoto ya fito daidai da idon dabbar, har sai da masu kula da wurin suka roƙa a daina. Hotunan sun yi kyau, ban musa ba. Ni dai ba zan so sunana a ƙarƙashin irinsu ba.

A gaɓar duwatsu, irin ta Cornwall da Wales inda haihuwa ke farawa tun Agusta da Satumba, ɓarnar ta fi fitowa fili. Garke na kwance yana hutawa, sai wani ya bayyana a saman dutse, ko kwalekwale ya kutso. Ɗaya ya ɗaga kai. Na kusa da shi ya ɗaga. Sai su fara muskutawa suna duban ruwa, kuma daga nan ƙiftawar ido ce: duk su kwasa a guje, suna jan ciki a kan kaifin dutse, wasu su faɗo daga sama. Farce kan cire, ciki kan tsage, manyan da ke kai kilo 300 su bi ta kan ƙanana, mai juna biyu ta dira a kan cikinta. Alamar farko ita ce taku, wato ɗaga kai. Kuna ganinta ku tsuguna ku ja da baya a hankali. Ku tuna kuma minti gomanku ba shi kaɗai ba ne, kafin ku wani ya zo, bayanku wani na tafe, dabbar kuwa ita ce dai tun safe.

Ƙa'idar da gwamnati ta fitar a 2023 ta ce a bar tazarar mita 100 inda hali ya yi. Wannan aikin dogon madubin kyamara ne, mai milimita 400 ko fiye, da ƙafa uku da za ku ɗora shi, sauran kuma ku zuƙo a kwamfuta. Wanda waya kaɗai gare shi ya tsaya bakin shinge, ko ya biya kuɗin kwalekwale daga Morston ya zaga Blakeney, ko ya haƙura. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ku sa iska ta riƙa busowa daga wajensu zuwa wajenku, don hancinsu ya fi idonsu aiki a tudu. Kada ku tsaya ƙiƙam a kan tudu sararin sama na bayanku, kada ku shiga tsakanin uwa da ɗa ko tsakanin dabba da ruwa. Filasha ba ta da wuri a nan. Jirgin nan marar matuƙi kuwa ku bar shi a mota, inuwarsa da ƙuginsa sun isa su tarwatsa garke. A Sikotilan tun 2014 laifi ne takura musu a wuraren hutawarsu da aka ayyana, a Ingila dokar ba ta kai haka tsauri ba, sai dai kunya da sanin ya kamata.

Bayan an dawo gida ma aiki bai ƙare ba. Idan kuka ɗora hoton da kuka zuƙo daga nesa ba ku faɗa ba, mai kallo zai ɗauka taku biyu ne tsakaninku, ranar Asabar sai ya je da wayarsa yana neman hoton ɗauki-da-kanka. Ku rubuta nisan da girman madubin a ƙasa. Ɓoyayyen lungun da kuka gano ba mai gadi, kada ku sa alamar wurin.

In kuna son hotonku ya yi amfani, ga hanya. Zanen da ke gefen kai da wuyan kowane karen teku nasa ne shi kaɗai, musamman matan, kuma da shi masu bincike irin su Sue Sayer da ƙungiyarta a Cornwall suke bin rayuwar dabba ɗaya shekara da shekaru. Hoton gefe suke so, na dabbar da ba ta ma san kuna nan ba. Haka kuma idan kuka hango mai raga ko zoben roba a wuya, irin wadda aka ceto a Horsey a 2017 da faifan wasan yara ya nutse cikin namanta, ku ɗauka daga nesa ku nuna wa masu gadin wurin.

Jinjirin da kuka tarar shi kaɗai kuma, galibi ba maraya ba ne. Ko uwar na cikin ruwa tana kallonku tana jiran ku tafi, ko an riga an yaye shi. Kada ku kora shi ruwa, kada ku lulluɓe shi da riga, kada ku taɓa shi, cizonsa na sa yatsa ya kumbura da ciwon da sai an sha magani na musamman. In kun ga ya rame har wuyansa ya fito, ko yana da rauni, ku kira ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA ko masu ceton dabbobin ruwa, ku faɗa musu daidai inda yake.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a.