Faston da ya shafe rayuwarsa yana tara zantukan hikima

Kusan kullum in muka buɗe WhatsApp sai mu tarar da wata magana mai daɗi an liƙa mata sunan Mandela ko Einstein. Mu ma sai mu tura gaba, ba mu tsaya mun tambayi ko mutumin ya taɓa faɗin haka ba. Wannan ne ya sa yau muka ɗauko labarin Tryon Edwards, wani fasto ɗan Amurka da ya mai da tara zantukan mutane aikin rayuwarsa.

An haife shi a 1809 a garin Hartford da ke jihar Connecticut. Ɗan gidan malamai ne, domin tattaɓa-kunnen Jonathan Edwards ne, shahararren mai wa'azin nan na Kirista. Ya kammala Jami'ar Yale a 1828, daga baya ya yi karatun addini a Princeton, sannan ya jagoranci coci a Rochester da New London da wasu garuruwa.

Duk da hidimar coci, bai yar da alƙalami ba. A farkon shekarun 1850 ya fitar da tarin gajerun zantuka, amma babban aikinsa, A Dictionary of Thoughts, wato ƙamus na tunanin masana, sai a 1891 ya fito, lokacin ya haura shekara 80. Ya rasu a Detroit a 1894. A littafin ya jera dubban zantuka bisa maudu'i, kamar ilimi da haƙuri da gaskiya, a tsarin abacada, kusan kowanne da sunan mai shi. Bayan rasuwarsa an yi ta sake buga shi tare da ƙari.

Sai dai aikin yana da giɓi. Galibi suna kawai ya bayar, ba littafi, ba shafi. Mai son tabbatarwa dole ya shiga lalube, kuma in kuskure ya shiga, haka masu kwafa za su yi ta yaɗa shi.

A nan darasinmu yake. Ranar da za mu kare kundin bincikenmu, malami zai tambaye mu inda muka samo magana, kuma “a intanet muka gani” ba za ta fisshe mu ba. Jingina wa mutum abin da bai faɗa ba ƙarya ce, ko da maganar ta yi daɗi.

Don haka mu sayi ƙaramin littafin rubutu tun wannan zangon. Duk maganar da ta burge mu, mu rubuta ta da sunan mai ita, da littafin, da shafin. Wadda muka kasa gano tushenta kuwa, mu bar ta a wayarmu, kada mu tura. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.